Kafin Ka Yi Raddi, Ka Karanta Mutumin

'Yan uwana matasa, akwai wata ɗabi'a da ta yi mana katutu, kuma ya kamata mu faɗa wa junanmu gaskiya a kanta. Marubuci zai shafe shekara da shekaru yana nazarin tambaya guda: shin dimokuraɗiyya ta dace da kowace al'umma, shin ƙirƙirarriyar basira za ta raba mutane da ayyukansu, me ya sa dukiya ke taruwa a hannun 'yan ƙalilan. Sai wani ya yanko jimla ɗaya daga littafinsa ya yaɗa, mu kuma nan take mun yanke masa hukunci. Wannan ɗan boko aƙida ne, wancan ɗan koren Turawa, wancan kuma zamani ya wuce shi. Ka tambayi mai zagin abin da mutumin ya ce a shafin da ke biye da jimlar, sai ka ji shiru.

Manyan da muke alfahari da su ba haka suka yi saɓani ba. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, yana cikin waɗanda suka fi kowa sukar masana falsafa irin su Ibn Sina, har ya ware mas'aloli 20 ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Amma shi ɗin ne ya rubuta Maƙasidul Falasifa, inda ya shimfiɗa ra'ayinsu dalla-dalla ba tare da ya murɗe shi ba. Adalcin da ya yi musu ya kai ga lokacin da aka fassara littafin zuwa Latin, masu karatu a Turai suka ɗauka shi ma ɗaya ne daga cikinsu. Da Ibn Rushd na Andalus ya tashi mayar masa da martani kan waɗancan mas'aloli 20 shekaru da dama bayan rasuwarsa, sai ya riƙa kawo maganar Gazali yadda take, sannan ya amsa. Mai karatu yana ganin ɓangarorin biyu a gabansa.

Wanda ya fi taɓa ni shi ne Muhammadu Bello, ɗan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Shehu Al-Kanemi na Borno ya aiko da wasiƙu masu zafi yana tuhumar halaccin yaƙin da masu jihadin Ɗanfodiyo ke yi da Borno, yana cewa saɓo ba ya mayar da Musulmi kafiri. Wannan fa ba muhawarar zaure ba ce, ana zubar da jini a lokacin. Duk da haka Bello ya sanya hujjojin abokin hamayyarsa a cikin Infaƙul Maisur, littafinsa na 1812, ya amsa su a rubuce. Albarkacin haka ne har yau ɗalibi zai iya karanta abin da Al-Kanemi ya faɗa, ya auna da kansa. Mu da babu takobi tsakaninmu da kowa, me ya hana mu yin haka?

Ko gardamar jari-hujja da gurguzu da ake ta yi, da yawan masu yinta ba su buɗe ko ɗaya daga cikin littattafan ba. Adam Smith da ake kira uban kasuwar 'yanci, a littafinsa na 1776 ya yi gargaɗi cewa 'yan kasuwa masu sana'a ɗaya idan suka haɗu, hirarsu kan ƙare da haɗa baki a tsauwala farashi. Karl Marx kuwa, jagoran aƙidar gurguzu, ya shafe shekaru a ɗakin karatu a Landan yana bin rubutun masana tattalin arzikin da yake shirin suka.

Karanta mutum ba ya nufin ka yarda da shi. Idan kuma kana tsoron wani littafi zai girgiza maka aƙida, ka nemi malami amintacce ku karanta tare, ko ka bar shi, amma to ka bar yin hukunci a kansa. Cewa "ban karanta ba" ba abin kunya ba ne.

Ga abin da nake roƙonku. Ka zaɓi marubuci ɗaya da ra'ayinsa ke ɓata maka rai, ka karanta littafinsa guda har ƙarshe. Ka rubuta hujjarsa a shafi ɗaya da kalmominka, ka nuna wa wani mai goyon bayansa. Idan ya ce ba haka suke nufi ba, ka koma ka sake karantawa.