Satifiket ba ya biyan kuɗin Adaidaita

Wai "muna neman matasa masu kishin al'ada". Kishin al'ada! Ƙungiyar da ke shirya wani bikin al'adun gargajiya ce ta fitar da sanarwar shekaranjiya, tana neman matasan da za su adana mata kayan tarihin bikin. Wata uku, Litinin zuwa Alhamis, su tattara hotuna da kasa-kasai da takardun bikin tun daga shekarar da aka fara shi, su jera, su zuba a kwamfuta. Sai can ƙasa da ƙananan haruffa: babu albashi, amma za a ba da satifiket. Madalla. To Allah Ya sa mai Adaidaita ya fara karɓar satifiket.

Ɗiyar yayata ce ta turo min da murnarta, wai Kawu ka duba min ko in nema. Ta gama karatun laburare, shekara guda kenan tana zaune a gida. Na tambaye ta nawa za ta kashe zuwa da dawowa, ta yi lissafi, ta yi shiru. Ni ma na yi shiru.

Jama'a, wannan aiki ne. Aiki sunansa, kuma aiki biyansa ake yi.

Wanda bai taɓa buɗe kwalin da ya shekara goma a sito ba shi ne zai ɗauka wasa ne. Ƙurar hunturu ta shige ko'ina, gara ta cinye gefe guda, hotuna sun manne da juna saboda laimar damina, in ka ja da ƙarfi fuskar mutum ta biyo bayan ɗayan. Kaset ɗin bidiyo ya yi furfura. A jikin faifai an rubuta "rana ta biyu" da maka, ba shekara, ba suna. Sai yarinya ta zauna ta gano wane ne wannan mai kalangun, daga wane gari ya zo, a wace shekara, ta kira dattijai a waya da katinta tana tambaya. Hirar awa ɗaya kafin a mayar da ita rubutu sai ta ci awa huɗu ko fiye. Shi ne ake kira "damar koyo".

Na san me za a ce, an ma fara faɗa. Wai ƙungiyar ba ta neman riba ba ce. To sai me? Mai rumfa da kujeru an biya shi. Mai janareto an biya shi, har da kuɗin mai. Mai lasifika, mai gabatarwa, mai buga riguna, otal ɗin da aka sauke manyan baƙi, akwai wanda aka ce masa ya karɓi satifiket? Rashin neman ribar ba ya tashi sai an zo kan yaran da ba su da bakin magana. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Wai kuma ai sadaukarwa ce, kamar aikin gayya. Don Allah a bar gayya ta huta. Mai gayya dama fura yake yi, a dafa abinci, a kira makaɗi, kuma gobe in ta zagayo gonarka shi ma ya ɗauko fartanyarsa. Yaron shago a Kantin Kwari ana ba shi na abinci kullum, in ya cika shekarunsa maigida ya sallame shi da jari. Ɗan bautar ƙasa alawus ɗinsa N77,000 ne yanzu, mafi ƙarancin albashi kuwa N70,000 tun Yulin 2024, kuma kowa ya san ba sa kai mutum ƙarshen wata tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023. Ku kuma kun ce sifili. Ko kuɗin mota babu.

Masu cewa "ai ba a tilasta wa kowa ba", na ji, na gode, a gaida gida.

Abin da ya fi ci min rai, kuma nan ba gatse nake yi ba, shi ne wanda zai iya wannan aikin kyauta. Ɗan gidan da direba zai kawo shi ya mayar. Ita kuwa yarinyar da kakanta makaɗi ne, wadda da jin sautin ta san wannan kotso ne wancan taushi, wadda za ta kalli hoto ta ce ai wannan wasan tashe ne ba kalankuwa ba, ba za ta zo ba, don ba ta da na mota. Sai a wayi gari an rubuta "wani mawaƙin gargajiya" a ƙarƙashin hoton mutumin da duk yankinsu sun san shi. Shekara 30 nan gaba ɗalibi ya zo bincike ya kwafi kuskuren. Ku je Gidan Arewa a Kaduna, ko ma'adanar takardun tarihi ta ƙasa da ke can garin, ku ga yadda masu bincike suke dogara da abin da wani ma'aikaci ya rubuta a bayan fayil tun kafin a haife su. Wancan ma'aikacin albashi yake ɗauka.

Ina son bikin nan, wallahi. Ina zuwa, ina kai yarana, kuma na san masu shirya shi ba ɓarayi ba ne, wasunsu daga aljihunsu suke cikawa. Shi ya sa abin ya ƙona min rai. In kuɗin ba su kai na mutum shida ba, a ɗauki biyu a biya su. A rage kwana ɗaya na otal. In ana rubuta takardar neman tallafi a sa layin masu adana kaya kamar yadda ake sa layin rumfa. Hadisin nan na a biya ma'aikaci kafin guminsa ya bushe ai duk mun haddace shi, ba a ce banda ɗan koyo ba.

Af, tunda maganar kaset ta taso: akwai wanda yake da rediyo mai kaset da har yanzu take juyawa? Na tsinci wata jaka a ɗakin marigayi Baba, kasa-kasai 14, ɗaya an rubuta "saƙon Hajiya daga Makka" da hannunsa. Na kai wa mai gyara a Sabon Gari ya ce robar ciki ta tsinke kuma ba a samun irinta. Wanda yake da ita ya yi min magana, zan zo har gida, kuma zan biya.