Idan jarumai sun fi ƙarfin kowane dodo, me ya rage a buga?

'Yan uwa masu buga Dungeons & Dragons da ire-irensa, akwai maganar da nake yawan ji wadda ban yarda da ita ba. Wai da zarar jarumai sun haye mataki na 15 wasa ya lalace, gara a naɗe labarin a koma mataki na 1. Ni a ganina laifin na mai jan wasa ne. Yana nan yana tambayar jarumai ko za su iya kashe wancan dodon, alhali mutanen da ke gabansa sun kai matsayin juya hadari da tayar da matacce. Tambayar da ta dace da su ita ce: cikin abubuwan da kuke iyawa wanne za ku yi, kuma a kan wa zai faɗo?

Ga wanda ya ci karo da rubutun nan bai san harkar ba, wasa ne da ake yi a kewaye da tebur. Mutum ɗaya ke jan labari, sauran kowa na riƙe da jarumi guda, ana jefa ɗan ludo mai fuska 20 don a ga ko abin da jarumi ya gwada ya yiwu. Jarumi yana farawa daga mataki na 1, ƙarfinsa na ƙaruwa yayin da yake hawa matakai. Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da shi a Amurka a 1974.

Masu ƙirƙirar wasan su ma sun daɗe suna fama da wannan matsala. A 1980 kamfanin TSR, mai wallafa wasan a lokacin, ya fitar da littafin Deities & Demigods, inda aka ba gumakan tatsuniyoyin Girka da Masar da na mutanen arewacin Turai lambobi da makin rai, wato adadin raunin da za su jure kafin su mutu, kamar kowane dodo. Duk abin da ka ba makin rai kuwa, ka gaya wa 'yan wasa cewa ana iya kashe shi, za su je farautarsa. A 1986 Frank Mentzer ya rubuta dokokin jarumai marasa mutuwa don waɗanda suka ƙure mataki na 36. A 1988 aka fitar da The Throne of Bloodstone, wanda aka rubuta a bangonsa cewa na jarumai ne daga mataki na 18 har zuwa 100. A 2002 ga Epic Level Handbook. Akwai abubuwa masu kyau a cikinsu, amma amsar da aka fi bayarwa ita ce ƙarin lamba: dodo mai rai da yawa, takobi mai sara da yawa, zaman faɗa ɗaya ya cinye dare guda ana lissafi.

Ku dubi Tarrasque na bugu na 5 na dokokin wasan, wanda ya fito a 2014. Makin ransa 676, shi ne dodon da ake tsorata mutane da shi. Amma ba ya tashi sama, ba shi kuma da abin jifa daga nesa. Maharbi mai baka ta sihiri da ya iya shawagi zai tsaya a sama ya yi ta harbinsa har ya faɗi. Idan duk abin da ka tanada wa jarumai masu mataki na 20 shi ne irin wannan, to gaskiyar masu cewa wasa ya lalace ne.

Kafin in shiga shawarwari, wata magana da ta shafe mu. Ni a teburina ba na mai da jarumai abin bauta, ba na kuma son a yi wasa da wannan iyaka ko da a tatsuniya ce. Labarin bai rasa komai saboda haka. Iko na iya fitowa daga zoben da aka gada, ko sarautar aljanu da aka naɗa wa mutum, ko amanar iska da ruwa da aka damƙa masa. Abin da ake buƙata kawai shi ne jarumi ya kai inda babu sarki ko runduna da za ta hana shi abin da ya yi niyya.

Shawarar da na fi so ita ce ta fari. A bugu na 5 akwai sihirin sarrafa yanayi da ke aiki har nisan mil 5 ta kowane ɓangare na tsawon awa 8. Akwai na haɓaka tsiro wanda ke ninka amfanin gona a nisan rabin mil ta kowane ɓangare har shekara guda. Akwai na samar da abinci da ruwa da ke ciyar da mutum 15 na yini. To ka sa ƙasar da jarumai suka tashi a cikinta ta shekara uku ba damina. Za su kawo ruwa, ka bar su su kawo, ka kwatanta musu yadda gari ya fito ana guɗa, yara na tsalle cikin kwata. Sun cancanci wannan daren. Littafi bai faɗi daga inda hadarin ya taso ba, kai ne za ka faɗa. Bayan wata biyu sai ga jakadu daga ƙasar gabas, ba da makami ba, da damin dawa da ta bushe tun ba ta fid da kai ba, suna cewa hadarin da ya saba sauka a wurinsu ne aka karkatar. Babu mugu a cikinsu. Sarkinsu mutumin kirki ne, kuma idan ba a yi wani abu ba dole ya ɗaura yaƙi, don talakawansa sun fara cin irin shuka.

Daga nan labari ya buɗe ta ko'ina. Attajiran da suka ɓoye hatsi suna jiran tsada sun karye, sun zama abokan gaba. Sarkin garin jaruman kansa ya lura cewa mutane sun daina zuwa fada da kukansu, ƙofar jarumai suke yi wa layi. Makiyaya sun ji labarin inda ciyawa take, sun kwararo da shanu, manoma sun fusata. Kowace matsala a nan jarumai na iya murƙushe ta da ƙarfi cikin minti biyar, kuma 'yan wasa sun san haka. Gardamar da za su yi a tsakaninsu kan ko su yi hakan ita ce wasan.

Ta biyu ta fi wannan ciwo. Sihirin True Resurrection yana dawo da wanda ya mutu cikin shekara 200 da suka wuce, muddin ba tsufa ne ya kashe shi ba, kuma yana cin lu'ulu'u na zinare 25,000. Yawancin tebura suna amfani da shi ne kawai idan jarumi ya faɗi a faɗa. Amma ka yi tunanin ranar da labari ya bazu cewa mutanen nan suna iya wannan. An gama yaƙi, dubbai sun mutu, lu'ulu'un da ke hannu na mutum huɗu ne. Wa za a tayar? Uwa ta kwana a ƙofar gida da rigar ɗanta. Waziri ya zo da dare yana roƙon kada a tayar da tsohon sarki, don an riga an naɗa ƙanensa, kuma gari ya zauna lafiya. Wani da aka tayar ya koma gida ya tarar an raba gado, matarsa ta gama takaba ta yi wani aure, har da goyo. Shin gonar tasa ce ko ta magada? Alƙali ya ce bai taɓa ganin irin wannan shari'a ba, ya turo ta wurin waɗanda suka jawo ta. Na fi ganin 'yan wasa sun yi tsit suna tunani a kan irin wannan fiye da gaban kowane dodo mai kai biyar.

Sai batun gurbi. Duk babban abin da jarumai suka kashe, ka tambayi kanka wane aiki yake yi kafin ya mutu. Kowa ya san labarin Daura: maciji a rijiyar Kusugu yana hana ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, Bayajidda ya zo ya sare kansa. A tebur, ni daga washegari zan fara. Yanzu wa ke da iko da rijiya? Wa ke raba layi? Idan tsoron macijin ne ya hana maƙwabta kawo hari shekara da shekaru fa? Haka idan jarumai suka kayar da sarkin aljanun da ke riƙe da kogi, kogin ba zai tsaya jiran su gama murna ba. Ko dai ɗayansu ya hau kujerar, ya ɗauki dokokinta da ƙaiƙayinta, ko su nemo wanda zai hau, ko ambaliya ta ci garuruwa. Duniyar wasa mai suna Birthright da TSR ta fitar a 1995 ta gina kanta a kan wannan tunani. Gumakan duniyar sun hallaka kansu a yaƙin Dutsen Deismaar don su kawar da Azrai, gunkin mugunta, ikonsu ya zuba cikin jinin mutanen da ke filin, zuriyarsu suka zama masu mulkin ƙasashe. Ana buga mulkin ne zango-zango, kowane zango wata uku, kuma wanda ya soki mai irin wannan jini a zuciya yana iya kwashe ikonsa. Wannan doka ɗaya ta isa ta sa jarumi ya riƙa duban dogarinsa sau biyu.

Akwai abin da sihiri bai cika magancewa ba, wato lokaci. Jarumi na iya ɓacewa daga nan ya bayyana a wata nahiya, amma ba zai zauna a majalisu uku a dare ɗaya ba. Ka tayar musu da fitina uku tare, ka sa kowace tana da wanda suke ƙauna a ciki. Inda ba su je ba dole su tura wakilai. A nan nake ba da shawarar a yi zama ɗaya ko biyu 'yan wasa su ajiye manyan jarumansu, su ɗauki yaran gidansu masu mataki na 3, su je su aiwatar da umarnin da su da kansu suka bayar. Umarnin da ya yi sauƙi a baki daga saman hasumiya, za su ga yadda yake a ƙasa, cikin laka, gaban mai unguwar da ya ƙi ba da haɗin kai. Za su kuma haɗu da waɗanda ke ƙona rumbunan mutane da sunan jaruman, suna rantsuwa cewa abin da iyayen gidansu ke so ke nan.

Abu ɗaya da ba na goyon baya shi ne ƙwace iko. A duniyar Forgotten Realms an yi wannan a 1989, lokacin da Ao, shugaban gumakan duniyar, ya koro su ƙasa suka yi yawo cikin jikin mutane saboda an sace allunan ƙaddara. A matsayin labarin da ake karantawa yana da daɗi. Amma ɗan wasan da ya yi shekara biyu yana hawa mataki-mataki, ka wayi gari ka ce wani hazo ya shanye masa sihiri, ka ci amanarsa. Haka yawan cika kowane ɗaki da shingen hana sihiri. Idan kana tsoron ikon da ka ba su, tun farko da ba ka ba su ba.

Abokin gaba fa? Ka ba su wanda kashe shi ba wuya amma ba ya yiwuwa saboda wani dalili. Wanda suka yi wa rantsuwar aminci tun suna mataki na 5, lokacin da suke buƙatarsa. Wanda ransa ke ɗaure da hatimin da ya toshe wata ƙofa. Tsohuwar da ta raine su, wadda yanzu ke jagorantar masu cewa bai kamata mutum biyar su riƙe makomar duniya ba tare da kowa ya zaɓe su ba, kuma idan ka saurare ta da kyau tana da hujja. Faɗa na gaske kuwa a rage shi. Runduna ta mutane dubu ta tare su, kada ka ɓata dare kana jefa ɗan ludo, ka tambaye su yadda suka tarwatsa ta da wanda suka bari da rai. Ka adana lissafi don karo uku ko huɗu da tsaransu a duk tsawon labarin, kuma kowane karo ya kasance akwai abin karewa a filin wanda ba shi da makin rai 300: gada, ayarin 'yan gudun hijira, madatsar ruwa.

Wanda yake ganin dokokin Dungeons & Dragons sun yi masa nauyi a wannan mataki, akwai wasannin da aka gina tun daga tushe don haka. Exalted ya fito a 2001. Nobilis na 1999 ko ɗan ludo ba a jefawa, kowane jarumi yana riƙe da wani abu na duniya ɗungurungum, kamar wuta ko tsoro. Wanda na fi ba sabon mai jan wasa shawara shi ne Godbound na Kevin Crawford, na 2016, don akwai bugunsa na kyauta a intanet. A cikinsa jarumi na tara maki na musamman da yake kashewa wajen sauya duniya sauyi mai ɗorewa, kuma farashin na ƙaruwa gwargwadon faɗin wurin, daga ƙauye zuwa birni zuwa ƙasa, da gwargwadon masu turjiya. Ko ba za ka buga shi ba, ka karanta wannan sashe ka ɗauko shi zuwa teburinka.

Kuma ba dole sai an fara daga mataki na 1 ba. Yawancin ƙungiyoyi suna watsewa kafin su kai sama, aiki ya ɗauke wannan, aure ya ɗauke wancan. Ku fara kai tsaye daga mataki na 17, inda masihirci ke samun sihirin Wish na cika buri, ku yanke tun farko cewa zama 12 za a yi a rufe. A zaman farko kada a jefa komai. Kowane ɗan wasa ya rubuta garin da ke dogaro da jaruminsa, da mutum uku da yake jin kunyarsu, da alkawari ɗaya da ya ɗauka tun yana ƙarami wanda har yau bai cika ba. Mai jan wasa ya karɓi takardun ya tafi da su gida, daga cikinsu zai fitar da jakadun farko da za su yi sallama a zama na biyu.