Jadawalin da Ya Ce Na Yi Karatu a Watan da Bai Kama Ba

A ofishinmu ni ake kira idan ana son rahoto ya yi kyau. In zuba alƙaluma a Power BI, manhajar Microsoft da ke mayar da alƙaluma zane, in ja nan in ja can, sanduna su miƙe, launuka su fito, oga ya gyaɗa kai. Saboda haka da aka fara maganar takardar shaidar PL-300 ta Microsoft, wadda ke tabbatar da ƙwarewa a Power BI, ban yi wata-wata ba na yi rajistar jarrabawar. Maki 700 cikin 1000 ake nema. Na ce a raina, ga gwanin zane irina, ai wannan sadaka ce.

Tambayoyin gwaji ne suka fara sauke mini girman kai. Ina jiran a tambaye ni launin da ya dace da ribar kamfani, sai ga tambaya kan yadda ake wanke bayanai a Power Query, wata kan yadda ake ƙulla alaƙa tsakanin tebur da tebur, sai kuma uban gayya, DAX, yaren lissafin manhajar. Akwai wani umarni a cikinsa mai suna CALCULATE. Aikinsa shi ne ya sauya matatar da ake tace bayanai da ita kafin a yi lissafi. Kowa haka yake bayaninsa, cikin jimla ɗaya, har da murmushi. Ni kuwa duk lokacin da na rubuta shi sai ya ba ni lamba iri ɗaya a kowane layi, daga sama har ƙasa, ko kunya babu.

Maimakon in zauna in fuskance shi, sai dabara ta zo mini: bari in gina dashbod, wato shafin zane-zanen alƙaluma, da zai riƙa bin diddigin karatuna. Kullum in rubuta kwanan wata, darasi da awannin da na kashe. Ai shi ma atisaye ne, in ji ni.

Dashbod ya yi kyau, wannan ko maƙiyi ya shaida. Matsalar ita ce abin da yake faɗa. Muna cikin Afrilu, amma zanen ya nuna na yi karatu mai zafi a watan Oktoba, har da wani a Disamba. Na daɗe ina kallonsa, don gaskiya labarin ya yi mini daɗi. Ashe ni ina rubuta 10/04 da nufin 10 ga Afrilu, kwamfutar kuwa a kan tsarin Amurka take, inda wata ke riga rana, sai ta karanta 4 ga Oktoba. Ranakun da suka haura 12 kuma ta ƙi su ƙememe, tunda babu wata na 13, ta cika wurin da jan gargaɗi. Wato kwanakin da na fi ƙoƙari su ne suka ɓace.

Na gyara wannan, sai wani kati a gefe ya nuna shekara ta kai dubu tamanin da wani abu. Manhajar idan ta ga ginshiƙi cike da lambobi, tarawa take yi sai an hana ta. Ta ga shekara a kowane layi, ta haɗa su kaf.

Ana haka uwargida ta leƙo ta kafaɗata. Ta nuna zanen da'irar da na yanka gida-gida, wanda na fi alfahari da shi.

"Baban yara, wannan babban yankin shuɗin fa?"

Na ce mata lokacin da na kashe ne wajen gyaran dashbod.

"Wannan siririn da ko ganinsa ba a yi sosai?"

"DAX."

"To wanne za a tambaye ku?"

Na gyara zama na soma yi mata tarihi. Na ce wani mutumin Sikotilan mai suna William Playfair ne ya fito da zanen sanduna a 1786, da na da'ira a 1801, kuma Florence Nightingale da zane ta nuna wa hukumomin Ingila cewa cuta ta fi harsashi kashe sojojinsu a yaƙin Kirimiya. Ta saurara har na kai aya, sannan ta ce, "Su ma sun ci 700 ɗin?" Ta yi tafiyarta.

Da ranar ta matso sai na shirya gwajin zama, tunda daga gida na zaɓi rubutawa. Ƙa'idojin ba wasa: a share tebur tas, a ɗauki hoton ɗaki, waya ta yi nisa, mai sa ido yana kallo ta kyamara, kada kowa ya shigo, kada a karanta tambaya da ƙarfi. Wannan ta ƙarshen ce ta fi tayar mini da hankali, domin ni ban iya tunani ba sai bakina yana motsi. Na tara mutanen gida na yi musu jawabi, na kulle ƙofa, na kunna agogo. Ban gama tambayoyin farko ba sai ga takarda tana shigowa ta ƙarƙashin ƙofa. Autarmu ce ta rubuta: "Baba, ba mu yi magana ba. Mun kyauta?" Can sai ga ta biyu: "Mama ta ce kana magana kai kaɗai, an kore ka."

Sakamakon gwajin bai kai 700 ba, kuma tazarar ba ta kunya ɗaya ba ce. Na ɗaga jarrabawar, na rubuta sabuwar ranar a 'yar takarda na manna a bango, na rufe dashbod, na koma wa CALCULATE da ladabi. Yanzu mun fara gaisawa, wani lokacin har yakan ba ni lambobi daban-daban.

Jiya uwargida ta tsaya gaban takardar bangon tana karantawa.

"Baban yara, 05/06 ɗin nan, 5 ga Yuni ne ko 6 ga Mayu? Don in na Amurka ne, jibi ke nan."

Ban ma tsaya neman takalmi ba na ruga wajen kwamfuta.