Katako Ɗaya a Nguroje

Masu damuna da tambayar ina hotunan Mambila, ku yi haƙuri, babu su, kuma ga dalili.

Bikin ƙanen Maman yara ne ya kai ni, kun dai san shi, mai surutun nan. Daga Jalingo muka bi ta Bali da Serti, muka kama hawan dutse daga Mayo Selbe, inda kowa a motar ya koma salati. Muna sauka Nguroje sanyi ya karɓe mu hannu bibbiyu. Kashegarin ɗaurin aure ango ya zauna yana jero min wuraren gani: gonar shayi ta Kakara, kurmin Ngel Nyaki, gandun dajin Gashaka Gumti, har da Gangirwal mai tsawon mita 2,419, wanda babu dutsen da ya kai shi a Najeriya. Na ce shayin ya wadatar, ni ba hawan dutse ya kawo ni ba. Na ci ado da farar shadda da takalmi sau-ciki sabo fil, saboda hoto.

Sai ya ce, "Yaya, mu ɗan biya ka ga inda ake yanka min katako, a hanya yake." Ba a hanya yake ba.

A can duk inda ka waiga bishiyar turare ce, dogaye, a jere a bayan gonakin masara da dankali. A gangaren da aka kayar da ita ake tsaga ta da injin yanka, tunda mota ba ta isa wurin. Daga nan mutane su ɗauko katakon a ka, su fito da shi bakin hanya, a biya su bisa yawan abin da suka ɗauko. Tsakaninmu da wurin akwai wani rafi a cikin kwari, an gitta masa katako ƙwaya ɗaya, faɗinsa bai wuce taki ba, raɓa ta jiƙa shi sharkaf. Ango ya haye yana amsa waya.

Na taka. Taku na farko lafiya, na biyu lafiya. Ina kaiwa tsakiya katakon ya lanƙwasa, ya dawo, ya sake lanƙwasawa. Takalmi ya ce bai san zancen ba. Gwiwoyina suka fara kaɗawa ba da izinina ba. Na buɗe hannuwa, iska ta cika shadda, na tsaya cak, gaba ta gagara, baya ta gagara.

A nan ne na lura da tsohon. Yana zaune kan kututture a tsallake, ya ƙudundune cikin bargo, rediyo a gefe, yana shan fiya da ɗan cokali. Ya rage muryar rediyon, don kada wani abu ya wuce shi.

"Alhaji daga Kano ne?"

Na ce, "Eh, Baba."

"Ai na gani. Kada ka kalli ƙasa."

Na kalli ƙasa. Abin da ya biyo baya shi ne na durƙusa a hankali, na zauna, na raba ƙafa, na hau katakon kamar mai hawan jaki, na fara jan gindi. Wanda bai taɓa jan gindi a kan katakon da ba a goge ba, kada ya sa min baki. Sartse na farko na daure. Na biyu na yi ƙara. Sai na ji "kyaaat" daga baya, sanyin Mambila ya shigo ta inda ba a gayyace shi ba.

Tsoho ya kai cokali baki, ya ce, "Jiya akuya mai ciki ta haye shi."

Ina ɗaga kai sai ga mata sun yi layi a gabana, kowacce da katako a ka, suna jiran in ba su hanya. Ba damar saukewa, ba damar juyawa. Ta gaban, wadda a shekaru ta haife ni, ta faɗi wani abu da Fillanci, sauran suka fashe da dariya, katakai suna rawa a kansu amma ko ɗaya bai faɗi ba. Ta ce, "Sannu ɗana, yi a hankali, mu ba ma sauri." Ango kuwa, wanda na ba gudummawar buhun shinkafa, ya ɗaga waya yana cewa, "Yaya, ɗan kallo nan."

Ina cikin wannan hali wani yaro ya gangara kwarin ta gefe, ya tsallaka ruwan da ƙafa. Iyakarsa idon sawu. Ya hau ta ɗaya ɓangaren yana cin rake.

Sai a lokacin tsohon ya ce, "Mu manya ai ta ƙasa muke bi."

Wannan maganar ce har yau take ci min rai. Ango yaro ne, na san abin da zan yi masa. Amma dattijo mai furfura, yana kallona tun daga nesa, ya ga takalmina, ya san da hanyar ƙasa, ya zaɓi ya rage rediyo. Da daddare kuma sai ga shi a gidan biki, ashe kawun amarya ne. Ya miƙo min hannu, ya tambayi gajiya, ya ce a kawo wa Alhaji matashi mai laushi. Mutane suka yi ta yaba karamcinsa. Har fiya ya aiko min da ita cikin leda da za mu taho, kuma abin haushi, tana da daɗi.

Kakara dai ban je ba, da zanen surukata na koma masauki. Ganyen shayin a kanti na saya. Bidiyon kuma ango ya rantse ya goge, amma jiya mai wankin unguwarmu ya tambaye ni ya jiki.