Kaboyi Ba Ɗan Daba Ba Ne

Ƙannena samari, ina ganin yadda kuke yaɗa hoton Clint Eastwood da malafa da sigari a baki, kuna rubuta "namijin duniya" a ƙasa. Ni ma mayen fina-finan kaboyi ne, tun ina bin yayyena silima. Abin da ke damuna shi ne abin da kuka tsinto a ciki: harara, taƙama, da saurin kai hannu ƙugu.

Ba yau aka fara wannan kuskuren ba. A 1966 Moustapha Alassane na Nijar ya yi fim a kan wani saurayi da ya dawo daga Amurka da akwati cike da kayan kaboyi, ya raba wa abokansa, suka hau dawakai suka addabi ƙauyensu. Kaya suka saka, halin bai shige su ba. Mai soke wuƙa a wando yana ƙwace wayar 'yar makaranta a lungu, jikansu ne.

Don Allah ku nemi High Noon na 1952 ku kalla a natse. Gary Cooper ne ya fito a Will Kane, mai tsaron doka a wani ƙaramin gari. Ranar ɗaurin aurensa ya ajiye aiki zai tafi da amarya, sai ga labari an saki Frank Miller, wanda shi ya kai shi kurkuku, kuma zai sauka a jirgin ƙasa na ƙarfe 12 na rana, mutanensa 3 na jiran sa a tasha. Kane har ya bar gari, ya juyo. Ya shiga coci, ya shiga mashaya, ya ƙwanƙwasa ƙofar aminai yana neman masu tsaya masa, kowa ya kawo uzuri. Tsoro ƙarara a fuskarsa, har ya zauna ya rubuta wasiyya. Wurin nan ne ke taɓa min zuciya duk kallon da na yi, domin ba faɗa yake nema ba, amanar gari ce ta hana shi gudu.

Ku lura da ƙarshen. Bayan an gama da Miller da mutanensa, da mutanen gari da suka ɓuya suka fito suka kewaye shi, bai tsaya a yi masa kirari ba. Ya cire tambarin aikinsa ya jefar a ƙasa, ya hau keken doki da matarsa suka bar garin.