Me ya sa muke jin kunyar kai kwandon lemo gaisuwar sallah?

Jiya da yamma na biyo ta kasuwar Kejetia a Kumasi zan hau trotro, motar haya, zuwa unguwar Aboabo, sai na tarar da lemo jibge tsibi-tsibi, wani a buhu, wani a ƙasa, har waɗansu sun fara ruɓewa a bakin kwata ƙudaje na bi. Taku kaɗan daga nan shagunan kayan Bronya, wato Kirsimeti, sun cika maƙil, ana ta ɗaure kwandunan biskit da lemon kwalba cikin leda mai ƙyalli. Tun a mota abin yake cin raina. Yau kam sai na amayar da shi, ko da wasu ba za su ji daɗi ba.

Bari in fara da gidanmu. Mma tana fama da ciwon sukari shekara takwas ke nan, kuma ba wanda bai sani ba a dangi. Amma ƙaramar sallar da ta wuce, kiret huɗu na malt na ƙirga a ƙofar ɗakinta. Waɗanda suka kawo masu ƙaunarta ne, wallahi ban zarge su da komai ba, wani ma sai da ya matse aljihunsa kafin ya saya. Ta yi godiya, ta sa albarka, ko kwalba ɗaya ba ta buɗe ba. Jikoki ne suka kwashe su cikin kwana uku, yara 'yan shekara biyar da shida, kowa da kwalba biyu uku a rana.

A ranar dai wata tsohuwar ƙawarta ta zo daga Asawase da kwano rufe da ƙyalle. Ta ajiye shi can gefe kamar mai ɓoye abin kunya, ta ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, abin da ya samu ke nan." Da na buɗe, lemon zaƙi ne guda goma sha biyu, an wanke su tas. Cikin duk kayan da aka tara ranar, shi kaɗai ne ya shiga bakin Mma. Kullum da hantsi sai in ɓare mata ɗaya ta ci da totuwarsa, kamar yadda ma'aikaciyar jinya ta ce mata: guda ɗaya, a ci shi sukutum, kada a matse uku huɗu a kofi. Kusan sati biyu tana ci tana yi wa matar addu'a. Amma har yau wannan "ki yi haƙuri" ɗin bai bar zuciyata ba. Haƙurin me? Wadda ta kawo abin da ya fi kowanne amfani ita ce ke sunkuyar da kai.

Ku duba ma sunan. Ruwan sukari mai gas da ke cikin kwalba mun sa masa "lemo", ya ƙwace sunan ɗan itacen, ya ƙwace masa mutunci. Yau in ka ce wa yaro a Zango je ka sayo wa baƙo lemo, firij ɗin mai shago zai nufa. Ainihin lemon sai an ƙara masa bayani, a ce na bishiya ko na ɓawo, kamar shi ne baƙon.

Gwangwani ɗaya na lemon kwalba mai mililita 330 yana ɗauke da sukari wajen giram 35, kusan ƙaramin cokali tara ke nan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum kada ya wuce kimanin giram 50 na irin wannan sukarin a yini, in ya tsaya a giram 25 ma ya fi. Ke nan kwalba biyu sun riga sun tsallake iyaka, ba a lissafa sukarin kokon safe da na shayi ba. Shi kuwa malt da muke ɗauka abincin ƙarin jini ne, har muna kai wa mai jego da majinyaci, ku juya kwalbar ku karanta abin da aka rubuta a bayanta, sukarinsa ba ya kasa na sauran. Ba banza ba gwamnatin Ghana ta ɗora harajin kashi 20 cikin ɗari a kan abin sha mai zaƙi a shekarar 2023. Kuɗinsa ya hau, mu kuma ba mu fasa ba, don a wurinmu tsadar ce ma take ƙara wa kyautar kwarjini.

To lemon zaƙi fa? Matsakaici guda ɗaya yana da sinadarin bitamin C wajen miligiram 70, alhali abin da ake so mace ta samu a yini bai fi 75 ba, namiji 90. Ɗaya tak ya kusa biyan bukatar ranar. Shi ma yana da zaƙi, ba a musu, amma nasa zaƙin yana tafe da totuwa, ita ce ke hana sukarin afkawa cikin jini gaba ɗaya, ita ce kuma ke sauƙaƙa bayan gida, abin da kowa ya san darajarsa ranar uku ga babbar sallah bayan an cika ciki da nama. A nan ne nake da ƙorafi da yadda muke shan lemo a titi. Mai talla ta fere koren ɓawon da wuƙa, ta yanke kan, mu tsotse ruwan mu jefar da sauran. Rabin amfanin ne muke wurgarwa a kwata. In an gama tsotsa a juya cikin a cinye.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne maganar ƙarancin jini, don ita ce ke damun matanmu da yaranmu. Wake da ganye irin kontomire, wato ganyen gwaza, da zogale suna da sinadarin ƙarfe da jiki ke gina jini da shi, sai dai jiki ba ya iya zuƙarsa da kyau daga kayan tsiro. Bitamin C ne ke taimaka masa. Wato wanda ya ci waakye, shinkafa da waken nan, ya bi shi da lemo ɗaya, ko ya matsa lemon tsami a kan miyar ganye, ya fi cin moriyar abincin a kan wanda ya kora da baƙin shayi, don shayi yana tare hanyar ne. Lemo kuma yana da sinadarin folet da mai ciki ke bukata. Ban ce ya maye gurbin ƙwayoyin da ake bayarwa wurin awo ba, a ci gaba da sha. Amma in za ki je barka ko duba mai ciki, kwandon lemo ya fi kiret ɗin malt nesa ba kusa ba.

Turawa sai da suka binne dubban mutane kafin su gane amfanin lemo. Matuƙan jiragen ruwansu kan yi watanni a teku ba ɗanyen abu, sai dasashi ya kumbura yana jini, haƙora su zube, tsohon rauni ya buɗe. A 1747 wani likitan jirgin ruwan Ingila, James Lind, ya raba majinyata 12 gida shida, ya ba kowane gida magani daban. Biyun da ya ba lemo su ne suka miƙe. Abin da ya ceci rayukansu shi ne yake ruɓewa a bakin kwatar Kejetia.

Kada kuma in wuce gona da iri, don ba na son irin saƙonnin WhatsApp da ke mayar da kowane ganye maganin cuta ɗari. Lemo ba ya hana mura kamawa, iyakarsa ya ɗan rage mata kwana ga wanda ya saba ci. Lemon tsami da ruwan zafi ba ya narkar da tumbi, kuma mai gyambon ciki yana iya jin jiki in ya sha shi ba abinci. Mai ciwon ƙoda ya tambayi likitansa tukuna. Garehul kuwa, babban nan mai ɗaci-ɗaci, ba ya jituwa da waɗansu magungunan hawan jini da na rage kitse a jini, yana sa ƙarfinsu ya wuce kima. Kada a kai wa tsoho mai shan magani shi ba a tambaya ba.

Na san abin da za a ce mini, don an sha faɗa mini a ido. "Haba, ki kai wa surukai lemo? Sai a ce kin raina su." Nan ne ainihin ciwon. Mun mayar da kyauta awon aljihu, abin da maƙwabta za su gani ana saukewa daga mota. Amma ku tuna sunan da muke kiran kyautar sallah da shi: goron sallah. Goro ɗan itace ne. Kakanninmu sun taka daga Kano da Katsina da jakuna, wata da watanni, zuwa Salaga don goron ƙasar Asante, kuma da yaƙin 1892 ya watsa kasuwar Salaga, bin goron nan yana cikin abin da ya gangaro da da yawa daga cikinsu kudu har Kumasi. Da goro ake neman aure, da shi ake gaida sarki, da shi ake raɗa suna. Mu da aka kafa zangonmu a kan darajar ɗan itace, yaushe muka fara ganin ɗan itace abin kunya? A hadisin da ke cikin Bukhari da Muslim, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kwatanta muminin da ke karanta Alƙur'ani da utrujja, ƙanshinta mai daɗi, ɗanɗanonta mai daɗi. Utrujja kuwa dangin lemo ce.

Wasu kuma suna cewa lemonmu kore ne, ba ya da kyan gani kamar mai ruwan gwal da ake shigowa da shi daga waje a jera a manyan kantuna. Koren nan ba ɗanyantaka ba ce. Ɓawon lemo ba ya rikiɗa sai ya sha sanyin dare, mu kuma ƙasarmu ba ta da irin wannan sanyin, shi ya sa yake nuna a ciki ya bar rigarsa kore. Ɗauki na Kade ko Asamankese ko na wajen Assin Fosu ka yanka, ka ga ruwa. Kuma duk wanda ya bi hanyar Kumasi zuwa Cape Coast a wannan lokaci ya ga yadda ake tara shi a bakin titi ana jiran mai saye. Manomin da ya shekara yana wahala yana kallon rabonsa na lalacewa, mu kuma muna kwasar kuɗinmu muna kai wa sukari.

Maganar cewa yana saurin lalacewa, gaskiya ce rabi. Lemo mai lafiya yana yin sati guda a inuwa in iska na ratsa shi, a firij ya fi haka. Leda ce ke kashe shi. In za ki saya, ɗaga ki ji nauyinsa a hannu, mai nauyi shi ne mai ruwa, ki guji mai laushi ko tabo, don guda ɗaya ruɓaɓɓe yana ɓata 'yan'uwansa. In kuma kyan gani ake so, me ya fi kwandon Bolga da aka shimfiɗa wa farin ƙyalle, aka jera lemon zaƙi da tanjarin, aka watsa lemon tsami a sama? An ci lemo, kwando ya zauna a gidan shekara da shekaru.

Ga shi lokaci ma yana tare da mu. Hunturu ya shigo, leɓe na tsagewa, maƙogwaro na bushewa, lemo kuma yanzu ne kakarsa. Azumi yana matsowa da kwana goma ko sha ɗaya kowace shekara, don haka shekarun nan da ke tafe cikin kakar lemo za mu riƙa shan ruwa. Masu rabon kayan buɗa-baki a masallatan Aboabo da Alabar da Akwatia Line, don Allah ku sa wannan a lissafi. Buhun lemo zai kai ga bakuna fiye da kiret nawa, kuma wanda ya wuni da ƙishirwa ya san abin da lemo mai sanyi yake yi wa maƙogwaro.

Ni dai na riga na yanke. Maƙwabciyarmu Ba'asantiya, wadda ba ta taɓa fashin aiko mana da shinkafa ranar Bronya ba, mu ma muna aika mata naman layya, bana kwandon lemo da tanjarin za ta samu daga gare ni, don na san mijinta yana fama da hawan jini. Na kuma gaya wa Yaya da Kawu tun yanzu, in sallah ta zo kada kowa ya sake sauke wa Mma kiret a ƙofa. Kawu ya yi shiru, can ya ce, "To ɗiyata, in na zo da lemo ba za a yi da ni ba?" Na ce, "Kawu, ka kawo, ni zan tare ka a ƙofa in karɓa da hannu biyu." Ranar Asabar da sassafe zan koma Kejetia kafin rana ta bugi kayan, kuma cikin kwandunan da zan haɗa, na farko na tsohuwar nan ce ta Asawase.