Ba Kwalta Ce Ke Cin Amanar Titi Ba

Duk lokacin da sabon titi ya fara ramuka bayan damina ɗaya ko biyu, magana guda nake ji a bakin mutane: "Ai kwaltar ce ba su zuba da kauri ba." Wasu su ce a bar kwalta a koma kankare. Wasu kuma su turo maka bidiyon titin da aka yi da tsohuwar leda a Indiya, su ce ga mafita nan an samu. Ni dai na yi shekaru ina aiki a ɗakin gwajin kayan titi, hannuna ya sha ƙuna da kwalta mai zafi, kuma a ganina an bar jaki ana dukan taiki. A yawancin titunan da na ga sun mutu da ƙuruciyarsu, baƙin nan na sama shi ne na ƙarshen kamuwa. Ciwon daga ƙasa ya taso.

Abin da muke kira kwalta ma, kusan kashi 95 cikin ɗari na nauyinsa tsakuwa ce da yashi da garin dutse. Baƙin man da ke manne su bai wuce kashi 5 ba. A ƙarƙashinsa akwai shimfiɗar fasasshen dutse, ƙarƙashin wannan akwai ƙasar ciko, can ƙasa kuma ga ƙasar wurin ta asali, wadda ita ce ke ɗauke da kowa. Wannan ba sabon ilimi ba ne. John McAdam, mutumin Sikotland da ya rasu a 1836, tun a zamaninsa ya dage cewa ƙasa ce ke ɗaukar nauyin abin hawa, kuma za ta ɗauka muddin a bushe take. Aikin shimfiɗar sama shi ne ta zame mata rufi, ta kuma baza nauyin. Ana ma ba da labarin cewa ma'auninsa na tsakuwa bakin ma'aikaci ne: dutsen da bai shiga baki ba ya yi girma, a sake fasa shi. Shekara ɗari biyu ke nan, amma har gobe za ka ga an shimfiɗa titi mai sheƙi, an bar magudanar ruwa sai "kashi na biyu na aikin".

Akwai wani gwaji da ake kira CBR, wanda injiniyoyin hanya na jihar Kalifoniya suka ƙirƙiro wajen shekarun 1930, sojojin Amurka kuma suka ɗauke shi lokacin Yaƙin Duniya na Biyu don gina filayen jirgin sama. Za ka cusa ƙasa a wani gwangwanin ƙarfe, ka daddanne ta, sannan ka nutsar da ita cikin ruwa kwana huɗu cur kafin ka soka mata sandar ƙarfe ka ga ƙarfin da za ta nuna. Hikimar tana cikin kwana huɗun nan. Ƙasar da za ka sara da diga a rani tana tartsatsin wuta, ita ce za ka iya lotsawa da babban yatsa bayan ta sha ruwa. Na ga laka mai kumbura ta ɗaga murfin gwangwanin da ke kanta, har allurar ma'auni ta motsa. Irin wannan ƙasa in ka ɗora mata titi ba tare da ka kwashe ta ko ka gauraya ta da farar ƙasa ko siminti ba, ko kaurin taku guda ka zuba na kwalta, sai ta tsage.

Sai maganar daɓe. Duk wanda ya taɓa ganin ana daɓen ɗaki ya san ƙasa ba ta kamawa in ta bushe ƙurmus, ba ta kuma kamawa in ta yi caɓi. Ralph Proctor ne ya mayar da wannan lissafi a 1933: kowace ƙasa tana da adadin ruwan da in ta samu take danƙarewa iya danƙarewa. A ɗakin gwaji ake gano adadin, a fili kuma a duba ko rola ta kai ƙasar kusa da wannan matsayi, yawanci kashi 95 ko sama.

Yadda ake dubawar ba wuya. Ka haƙa ɗan rami da kurfi da guduma, ka kwashe ƙasar tas a leda ka auna, ka cika ramin da wani tataccen yashi da ka san nauyinsa, sai lissafi ya fito. Wata rana a wani aiki na yi haka sau uku a wuri guda, kusa da kwalbati, inda rola ba ta iya matsawa sosai. Duk ukun ba wanda ya wuce 90. Shugaban ma'aikata ya zo ya tsaya a kaina, ga tifofin dutse sun yi layi suna jira. Ya ce, "Malam, ka ɗan matsa tsakiya mana ka sake haƙawa." Na ce, "Ranka ya daɗe, tsakiya ai na san za ta ci, nan ne ba ta ci ba." Ya yi murmushi ya tafi. Kafin in gama wanke kayana an fara juye dutse a kan wurin. Takardata tana nan, an karɓa, an sa a fayil, ba wanda ya ce na yi ƙarya. Ba ta dai tsayar da tifa ko ɗaya ba.

Wannan shi ne abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Ana ta kiran a ƙara bincike, alhali binciken da aka gama tun kakanninmu ba a ba shi ikon cewa "a dakata" ba. Haka abin yake a kwaltar kanta. Tana fitowa daga injin haɗi da zafin da ya kai digiri 150 ko fiye, kuma dole rola ta gama aikinta kafin ta huce zuwa wajen digiri 80. Tifa ta yi tafiya mai nisa ba tamfol, ko ta tsaya jiran injin shimfiɗa da ya lalace, ka soka ma'aunin zafi ka ga ta sauka. In aka shimfiɗa ta haka za ta yi baƙi, ta yi kyau a hoto, amma cikinta duk ƙofofin iska ne. Ruwa ya bi ta nan ya raba man da tsakuwa, iska kuma ta busar da man ya yi ƙarfi ya fara tsattsagewa kamar fatar kada. Kyan ɗan maciji ke nan.

To ko da an yi komai daidai, saura lodi. Tsakanin 1958 da 1960, a kusa da garin Ottawa na jihar Illinois a Amurka, an gina tituna shida masu zagaye, kowanne an yanka shi gunduwa-gunduwa da kauri daban-daban, na kwalta da na kankare. Aka sa sojoji suna tuƙa manyan motoci a kan biyar daga cikinsu dare da rana har shekara biyu, aka kashe wajen dala miliyan 27, don kawai a ga yadda titi ke mutuwa. Abin da ya fito daga wannan gwaji na AASHO, ƙungiyar jami'an hanyoyi na jihohin Amurka, har yau da shi ake lissafi: ɓarnar da aksul ke yi, wato ƙarfen nan da ke riƙe da tayar hagu da ta dama, ba ta tafiya kafaɗa da kafaɗa da nauyinsa. In ka ninka nauyin sau biyu, ɓarnar takan ninka kusan sau 16. Aksul ɗin da aka tsara wa tan 8, in ka ɗora masa 12 ya yi ɓarnar guda biyar. Ƙaramar mota kuwa, mai rabin tan a kowane aksul, sai ta wuce sau dubbai kafin ta yi abin da tirela ɗaya ta yi a wucewa guda. Titin da aka lissafa masa shekara 20, in lodin ya wuce kima, zai cinye shekarunsa a huɗu ko biyar, kuma ba wanda ya saci ko buhun siminti.

(Shi ma gwajin yana da iyakarsa: ƙasa iri ɗaya ce, yanayi ɗaya ne mai ƙanƙara. Wanda ya kwafi lissafinsa ido rufe ya kai inda rana ke narka kwalta, shi ma ya yi ganganci.)

Kada a ce ina ƙin sabon abu. Garin tsohuwar taya da Charles McDonald ya fara gaurayawa da kwalta a Phoenix ta Amurka a shekarun 1960 ya tabbatar da kansa. Tsarin Superpave da ya fito daga binciken da Amurka ta fara a 1987 ya koya mana zaɓen man kwalta gwargwadon zafi da sanyin wurin da za a shimfiɗa shi. Aikin leda na Farfesa Vasudevan a Madurai ta Indiya ma abin dubawa ne, ko da yake tambayar ɓurɓushin roba da ruwa zai wanke tana nan. Abin da nake so a lura da shi shi ne yadda masu hankali ke karɓar sabon abu. A Afirka ta Kudu sun ƙera wata na'ura, HVS, da ke gurza taya mai nauyi a kan guntun titi ba tsayawa, ta tara masa wahalar shekaru cikin 'yan watanni. A Alabama ta Amurka akwai titin gwaji mai tsawon kilomita 2.7 da tireloli ke zagayawa tun shekarar 2000. Faransa kuwa ta buɗe titin kilomita ɗaya mai allunan hasken rana a Normandi a 2016, da kuɗi wajen yuro miliyan 5 da biki da 'yan jarida. Kafin shekara uku allunan sun fara farfashewa, wutar ma ba ta kai abin da aka yi alkawari ba.

Da za a tambaye ni inda za a sa kuɗi, ba zan fara da sabon sinadari ba. Zan ce mai gwaji kada albashinsa ya fito daga aljihun ɗan kwangilar da yake gwadawa, kuma sa hannunsa ya zama sharaɗin zuba shimfiɗa ta gaba. A sa sikelin auna manyan motoci da ke aiki da gaske. Kafin a biya kuɗin ƙarshe, a zo da injin huda a yanko kwaltar kamar gwangwanin madara, a wuraren da ƙuri'a ta nuna, ba inda shugaban ma'aikata ya nuna ba, a auna kauri da yawan iskar da ke ciki, a kafe sakamakon inda kowa zai gani.

Wancan wurin na kusa da kwalbati, na sake bi ta kansa bayan damina biyu. Ya lotsa daidai faɗin kwalbatin, direbobi har sun koyi taka birki kafin su iso. An yi masa faci da sabuwar kwalta, mai kauri sosai, facin ma ya fara nutsewa.